Ɗan Dako a Ƙofar Gidan Kawu

Ina da shekara goma sha takwas lokacin da na fara zuwa Garwa. Kafin nan iyakata Mora, ita ma sau biyu, ranar kasuwa. A Kolofata aka haife ni, a nan na yi lekol, wato makarantar boko, har na samu sartifika ta gamawa, kuma a gidanmu ni ne na fara iya rubutun faransanci. Shi ya sa kawuna, yayan mahaifiyata, mai fataucin atamfa da goro a Garwa, ya aiko a tura ni in riƙa rubuta masa takardu. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, kowa kuma ya san Garwa garinsu ne. A wajenmu in aka ce wane ya tafi Garwa, har murya ake ragewa.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Tare muka tafi da Baban Dutse.

Haka muke kiransa a gidanmu. Mutumin kan dutse ne, Kirista, ya sauko da iyalinsa tun kafin a haife ni, ya samu gona kusa da ta mahaifina. Da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe, matarsa kuwa tana goyon 'yarta. Ita ta shayar da ni wata bakwai. Tun ina ƙarami malaminmu na allo ya zaunar da ni ya ce matar nan uwarka ce, mijinta ubanka ne, 'yarsu 'yar'uwarka ce, babu aure tsakaninku har abada. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin cewa ban sani ba. Na sani sarai.

A shekarar nan yanar ido ta rufe masa idon hagu, na daman ma ya fara hazo. Aka ce masa a Garwa akwai likitan da ke cire ta. Sai mahaifina ya haɗa tafiyarmu. Da safen da za mu tashi ya kira ni bayan rumbu ya ce, "In kun isa, kafin ka zauna, kafin ka sha ruwa, ka ce wa kawunka: wannan ubana ne na nono, babana ya ce ka sauke shi a gidanka har ya gama da likita. Maimaita in ji."

Na maimaita. Sau ɗaya ya ce, amma sau uku na yi, don ni tun asali haka nake. In na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta.

Kwana biyu muka yi a hanya, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gyaɗa, muka yada zango a Marwa. An ɗinka mini sabuwar riga fara, kuma duk tafiyar hankalina yana kanta, kada ta taɓa ƙarfen mota, kada wani ya taka mini gefenta. In ba riga ba kuwa aljihu ne, inda sartifika take a naɗe cikin tsumma. Baba ya gaji da ganin hannuna yana shiga yana fita, ya ce, "Ɗana, takardar nan in ka ci gaba da shafa ta, kafin mu isa rubutun ya goge, sai ka koma lekol ka sake." Mutanen mota suka yi dariya. Bayan mun wuce Figil na yi amai har sau biyu. Shi ya riƙe mini hannun riga ta baya don kada ta ɓaci, ya ciro tsamiya daga jakarsa ya ce in tsotsa.

Azahar ta gota muka shiga Garwa. Ina tsammanin na san zafi, ashe ban sani ba. Na Garwa daga ƙasa yake tasowa, ya shiga takalmi. A tasha kowa magana yake da ƙarfi, kuma kusan duk da fillanci, ni kuwa abin da na iya a fillanci bai wuce gaisuwa ba. Na ga gida bisa gida, na ga wayoyi sun ratsa sama kamar an shanya igiya babu kaya, na ga jandarma biyu tsaye ba su kula kowa ba amma na ji kamar ni suke jira. Ina cikin kallon nan jirgin sama ya taso ƙasa-ƙasa, ƙararsa ta cika wurin. Ban san lokacin da na durƙusa na rufe kai ba. Wasu mata masu sayar da kifi soyayye suka tuntsire da dariya, ɗaya har tana nuna ni da cokali. Da na miƙe na dubi samarin da ke wucewa a kan babur, sai na gane rigar da na yi kwana biyu ina tsaro ɗinkin ƙauye ce, hannunta ya yi faɗi, wuyanta ya yi zurfi.

Daga nan na juya na dubi Baba, kamar ban taɓa ganinsa ba. Gajeren wando, riga mai faci kan faci, takalmin taya, da ɗan gicciye na katako a wuya. Shekara goma sha takwas ina ganin kayan nan, ban taɓa lura ba. Wani mutum mai babbar riga ya zo wucewa, Baba bai gan shi ba ta gefen idon da ya mutu, suka yi karo. Mutumin ya kaɗe rigarsa ya faɗi wata kalma. Ita kam na gane ta, don a Hausa ma muna da ita: kaɗo, a bakinsu wato arne. Baba ya ce masa yi haƙuri, ya matsa.

Aka sauko mini da akwatina na ƙarfe. Na kama hannunsa zan ɗaga, na kasa saboda aman da na yi. Baba ya naɗe bargonsa ya yi gammo.

"Baba, bari, ni zan ɗauka."

"Kai riƙe rigarka, ni in riƙe akwati. Kowa da kayansa. Wuce gaba, idona ba ya kai wa nesa, farin nan naka zan bi."

Sau ɗaya na ce ya bari. Na sha lissafa wannan a raina. Da na ce sau biyu, ko na tsaya na ƙi tafiya, da ya sauke.

Muka kama hanya ina tambayar unguwar Hausawa da faransancin lekol. Da farko taku biyu ne tsakaninmu. Da muka shiga babban titi, inda shagunan ke jere, sai na ga ya zama biyar. Ban ce wa kaina ina gudunsa ba. Na ce wa kaina sauri nake don kada la'asar ta kufce. In na waiga sai in hango akwatin yana tafe bisa kawunan mutane, in ci gaba.

Gidan kawu babba ne, da rufin kwano, da dalbejiya biyu a ƙofa. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, mutum biyar ko shida suna zaune, duk da manyan riguna da huluna masu aiki, an ajiye rediyo a tsakiya. Sau biyu kawai na taɓa ganin kawu a rayuwata, amma na gane shi da goshin mahaifiyata. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi sallama.

"Jaɓɓaama!" in ji shi, wato maraba. Ya juya ga abokansa ya yi magana da fillanci, na tsinci kalmar sartifika a ciki. Wani mai farin gemu ya ce da Hausa, "A'a, ashe mushe muka samu! Mushe, ka zo da alli ko mu nemo maka?" Suka yi dariya; mushe kuwa kalmar faransanci ce, haka ake kiran malamin lekol a wajenmu. Wani ya ce in faɗi wani abu da faransanci su ji. Na faɗi gaisuwa, suka ce madalla. Aka matsa mini wuri a bakin tabarma, aka miƙo mini kwanon ruwa mai sanyi. Na zauna. Na sha.

A lokacin ne Baba ya iso. Ya sauke akwatin a hankali a gindin dalbejiya, ya cire takalmansa, ya tsuguna can nesa da tabarma kamar yadda ake yi, gumi yana zuba daga gemunsa. Yana jira in yi magana. Saƙon yana bakina, kalma bayan kalma, yadda na maimaita shi bayan rumbu. Na dubi hulunan nan, na dubi giccen da ke wuyansa. Na ce a raina bari su gama dariya tukun.

Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan dakon nan, an sallame shi?"

Na ce, "A'a, tukuna."

Da shiru na yi, da zan iya cewa tsoro ne ya riƙe mini harshe. Amma amsawa na yi, da murya sarai, har mai farin gemu ya ji. Kawu ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yan kuɗi ya miƙo mini. Na tashi, na taka har inda Baba yake, na zuba masa a hannu. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗago ya dube ni da idon da ya rage, bai daɗe ba, ya ce, "Na gode, mushe." Ya ɗauki bargonsa da jakarsa, ya sa takalmi, ya bi hanyar da muka fito yana tafiya kusa da bango.

Aka kai ni ciki na gaida matar kawu, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wanda ban taɓa gani ba. Na kai loma uku na tsame hannu, na ce ciwon mota ne. A sallar la'asar na sake alwala sau biyu, don duk sanda na gama sai in ji kamar na tsallake wani abu.

Kwana biyu na yi ina shari'a da kaina. Na ce ai ban yi ƙarya ba: an tambaye ni ko an sallame shi, kuma gaskiya ba a sallame shi ba. Na ce ai shi ma da ba zai sake ba a gidan nan, gara masa can wajen mutanensa, in yana da su. Sai kuma in tuna bai san kowa ba a Garwa, kuma idonsa ba ya ganin rami sai ya taka. Duk motar da ta yi ƙarar birki a titi sai gabana ya faɗi. Na shirya zan faɗa wa kawu da safe, safe ta yi na ce bari ya karya kumallo, ya karya na ce bari baƙinsa su tafi. A shago ya ba ni wasiƙa ɗaya in rubuta wa wani ɗan kasuwa na kudu, na ɓata takarda huɗu.

Rana ta uku da hantsi muna zaune a shago, babu masu saye, kawu ya shiga tambayata mutanen gida. Ya tambayi limami, ya tambayi mai unguwa, ya tambayi wata goggonsu. Sai ya ce, "Af, mutumin nan na dutse da matarsa ta shayar da kai, yana nan da rai?"

Na shiga gyara takardun da ke gabana.

"Ba ka san wanda nake nufi ba? Ai ni na kai ka wajenta. Uwarka tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, kai kana ta ihu kamar ɗan akuya, mata sun tsaya gardamar ko ya halatta a kai ka wajenta. Na naɗe ka a rigata na tsallaka gona. Mijin ne ya buɗe mini ƙofa, ƙato, baƙi, wuyansa kamar turmi. Ko tambaya bai yi ba, ya kira matarsa."

Na ce, "Kawu, ya rame yanzu. Ya yi furfura."

"Allah sarki. Yaushe rabonka da shi?"

"Shekaranjiya."

Ya dube ni. Na sauka daga kan benci na tsuguna a ƙasa, na faɗa masa duka, har saƙon mahaifina, ina kallon yatsun ƙafarsa. Kawu mutum ne da in yana raha fillanci yake yi, in ransa ya ɓaci sai Hausar Kolofata ta dawo masa.

"Wato ka sa ni na biya uba ladan dako. A ƙofar gidana. A gaban mutane."

"Kawu, na ji tsoron kada..."

"Kada me? Kada in ce me? Kai ka tambaye ni? Wa ya gaya maka abin da ke cikina?" Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Tashi. Kada ka sake taka ƙofar nan sai tare da shi."

Ban san Garwa ba sai ranar nan. Na nufi asibiti, na ɓata, na tsinci kaina a bakin Binuwai inda ake loda buhuna a jirgin ruwa. Ruwa mai faɗin da ban taɓa zaton akwai irinsa ba, amma ban tsaya kallo ba, fuskokin masu dako nake dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi wani da faransanci ya amsa da fillanci, na tambayi wani da Hausa ya nuna mini gabas, na gaba ya nuna yamma. Sai da rana ta take tsaka na ga ƙofar asibitin. Mai gadi ya ce wa nake nema. Na buɗe baki, sai na ga ban san sunan Baba na yanka ba, ko na coci, ban taɓa kiransa da komai ba sai Baba. Na ce, "Ubana nake nema, mai ciwon ido." Mai gadin ya dubi farar rigata ya ce in duba bayan ginin, inda masu jiran layi suke zama.

Yana can a ƙarƙashin wata itaciya, zaune bisa bargonsa, tare da wasu mutum huɗu da mata biyu, suna magana da harshen dutse. Ɗaya daga matan tana dama kunu a gwangwani. An ɗiga masa magani, idon yana ta ruwa. Na tsaya gabansa na cire takalmi na durƙusa.

"Baba."

Ya karkata kai. "Wa ke nan? A'a, mushe ne? Akwai wani akwatin ne?"

Ya juya ya faɗa wa mutanen wani abu da harshensu. Matan suka dube ni daga sama har ƙasa. Mai kunun ta ce da Hausa, "Shi ne wannan? Kai, nono dai bai yi ƙarya ba, ga shi nan ya yi tsawo." Sauran suka yi dariya, ba mai yawa ba.

Na ce, "Baba, na yi laifi. Ka yafe mini."

"Wane laifi? Na yi aiki an biya ni. Ƙosai na ci da kuɗin, halal ɗina ne, akwatin nan naka kamar duwatsu ka zuba."

"Baba, don Allah ka taso mu je. Kawu ya san ka. Ya ce shi ya kai ni gidanka."

"Na gane shi ai. Muryarsa ba ta canza ba."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ni aka ba saƙo?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ya ce kada in koma gidan sai da kai."

Ya goge idonsa da gefen riga. "To ka gani. Yau ma don kanka ka zo."

Na duba maganar ta kowane gefe ban ga inda ta karkace ba. Na zauna a ƙasa cikin rigar, ina kuka kamar yaro, mutane suna wucewa. Mai kunun ta ce wa Baba wani abu da faɗa-faɗa. Ya yi tsaki, ya laluba takalmansa.

"Tashi, kada ka tara mana jama'a. Zan je in gaida kawunka, don kada ka kwana a titi, uwarka ta dutse ta ji ta hana ni tuwo. Gaisuwa kawai."

Ya dafa kafaɗata muka tafi. Tafiyar ta yi tsawo, don ba ya sauri, ni kuma sau biyu ina ɓata hanya.

Mun tarar da su a inuwar dalbejiya, mutanen ranar nan, har da mai farin gemu. Kawu ya rage rediyo. Bai tashi ba, ni yake kallo. Na tsaya, hannun Baba yana kafaɗata, na ce, "Wannan ubana ne na nono."

"Ba mu ji ba," in ji kawu.

Na ɗaga murya. "Wannan ubana ne na nono. Babana ya ce ka sauke shi a gidanka har ya gama da likita."

Mai farin gemu ya ce, "Ikon Allah. Ba shi ne na shekaranjiya ba?"

Sai kawu ya miƙe, ya tako ba takalmi, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ja shi har tsakiyar tabarma. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Kawu ya ce, "Ina wuyan nan naka ya tafi?" Baba ya ce, "Inda cikinka ya samo nasa, Alhaji." Aka yi dariya. Aka kawo ruwa ya sha, aka kawo fura ya sha. Kawu ya ba shi haƙuri a gaban kowa, ya ce shi ma da laifinsa, da bai dubi fuska ba ya dubi kaya. Ya aika ciki a share ɗakin da ke kusa da zaure, a shimfiɗa sabuwar tabarma.

Baba ya ce a'a. Ya ce layinsa da sassafe ne, kuma mutanen can sun riƙe masa wuri, ba zai bar su ba bayan sun raba kununsu da shi. Kawu ya roƙe shi, mai farin gemu ya sa baki, har matar kawu ta aiko daga ciki. Ya yi ta godiya yana cewa a'a. Da na tashi zan raka shi ya ce in zauna, ya riga ya ƙirga kwana-kwanar hanyar. Kawu ne ya sa aka tsayar da mai babur ya kai shi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a Garwa. Kullum ina kai masa abinci daga gidan kawu, yana karɓa, yana raba wa mutanensa, yana tambayata aiki. Aka yi masa aikin idon dama ya buɗe, na hagun bai dawo ba. Ko sau ɗaya bai kwana a gidan ba. Ya koma Kolofata, kuma har mahaifina ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ban sani ba ko Baba ne bai faɗa masa ba, ko ya ji ya zaɓi shiru. Na sha ɗaukar alƙalami zan rubuta masa, in ajiye.

Ɗakin nan da aka share, ranar da Baba ya tafi matar kawu ta tambaya ko a mayar da buhunan goro ciki. Kawu ya ce a'a, a bar shi yadda yake, a kwashe kayana daga ɗakin samari a kai can. Shekara huɗu na yi ina kwana a cikinsa.